Tsohuwar Nokia ta kama bayan shekara goma a akwati

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum jama'a. Jiya bayan la'asar ina kwashe kaya daga ɗakin da ya fara yoyo a tsohon gidanmu na Ƙofar Marusa, sai na ci karo da wayata ta da, Nokia E71, a ƙasan akwatin littattafan marigayi Baba. A 2010 na saye ta a Farm Centre ta Kano, ta hannu ce, na riƙe ta har 2014. Na aiki yaro ya aro mini caja mai siririn baki a maƙwabta, na jona ba tare da na sa rai ba. Bayan kamar minti ashirin sai ga haske, sai ga hannayen nan biyu suna miƙa wa juna, da sautin da duk wanda ya taɓa riƙe Nokia ya sani. Wallahi sai da na nemi wuri na zauna.

Abin da ya fi ba ni mamaki, yatsuna ba su manta komai ba. Maɓallin gida yana hagu, na kalanda na kusa da shi, na sunaye da na saƙo suna dama. Ban duba ba na danna, sai ga akwatin saƙonni. A ciki akwai saƙonnin Baba guda talatin da wani abu, na ƙarshe a farkon 2013, 'yan makonni kafin rasuwarsa. Mafi yawansu gajeru ne: "Ka iso lafiya?", "Ka kira innarka", "Allah ya yi maka albarka".

Abu biyu ya sa na kawo maganar nan. Na farko, wanda ya san yadda zan fitar da saƙonnin nan kafin wayar ta sake mutuwa ya taimaka mini. Na biyu kuma ra'ayi ne, kuma na san za a yi mini ca: ni a ganina wayoyin farko na komai-da-ruwanka sun fi na yanzu sanin hannun ɗan Adam. Komai yana da mazauninsa, kuma yana nan inda ka bar shi. Ta yanzu kuwa kana kwana ka tashi ka tarar an sauya wa abu wuri.

Maman Ummi:
Allahu akbar. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makomarsa. Yaya, don Allah kada ka bar wa su Khalifa wayar nan su yi wasa da ita.

Kawu Lawal:
Allah ya gafarta wa Malam, ya kai haske kabarinsa. Mutumin kirki ne.

Sale Mai Gyara:
Amin ya Allah. Yallaɓai, kafin komai buɗe murfin baya ka duba batirin. Irin nata BP-4L ne. In ka ga ya kumbura ko da kaɗan ne, ko ka ɗora shi a kan tebur ka ga yana juyawa, cire shi, kada ka ƙara jona shi da wuta. Ana samun wani.

Na biyu, duk wanda ya ce maka ka danna *#7370# don wayar ta yi sauri, kada ka saurare shi. Wannan lambar share waya take yi tas, kuma abin da ta share ya tafi. In ta nemi lambar sirri kuma ba ka taɓa canzawa ba, 12345 ce take zuwa da ita daga kamfani.

Na uku, yau ɗin nan kafin ka kwanta, ɗauki wayarka ta yanzu ka bi saƙonnin ɗaya bayan ɗaya kana ɗaukar hotonsu, har da kwanan watan da ke jikin kowanne. Wannan ita ce hanyar da ba ta da haɗari. Daga baya sai a jona ta da kwamfuta ta Nokia PC Suite a kwafe komai. Ina da tsohuwar kwamfuta a shago da na ajiye musamman saboda irin wannan aikin.

Abba:
Allah ya jiƙan Kaka. Amma Kawu, a yi mini afuwa, wannan ai ba babbar waya ba ce, waya ce mai maɓallai. Babbar waya ta farko iPhone ce, 2007. Kowa ya san haka.

Sale Mai Gyara:
Abba, ba kowa ba. Tun 1994 kamfanin IBM ya sayar da wata waya a Amurka mai suna Simon, sikirin ɗinta na taɓawa ne, tana da kalanda da littafin adireshi, tana aika imel da fakis. A 1996 Nokia ta fitar da Communicator, wadda ake buɗe ta kamar littafi a tarar da madannai cikakku. Ba gilashi ke mai da waya ta komai-da-ruwanka ba. Abin dubawa shi ne: za ka iya zuba mata sabuwar manhaja? Za ta iya riƙe aiki biyu ko uku a lokaci guda? Ta Yallaɓai tana yi. Symbian ce babbar manhajar da ke tafiyar da ita. In ka danne maɓallin gida ka riƙe, za ta jero maka duk abin da ke buɗe, ka koma wanda kake so.

Kuma tunda ka kawo iPhone, bari in faɗa maka yadda ta farkon take. Steve Jobs ya nuna ta a Janairun 2007, aka fara sayarwa a ƙarshen Yuni. Ba ta da 3G. Ba ta ɗaukar bidiyo. Ba ta da shagon manhajoji, sai a 2008 aka buɗe App Store. Ba za ka iya kwafar rubutu daga wani wuri ka manna a wani ba, wannan sai 2009. Ba ta tura waƙa ko hoto ta Bluetooth zuwa wayar abokinka, wanda a nan shi ne rabin amfanin waya a lokacin. A shekarar nan ta 2007 ɗin Nokia N95 tana kasuwa da kamara mai megafiksel 5, da GPS, da 3G, ita kuwa iPhone megafiksel 2 gare ta.

Abba:
To Oga Sale, in haka ne me ya sa duk duniya ta bi tsarinta, aka bar na Nokia?

Sale Mai Gyara:
Tambaya mai kyau. Gilashin ne. Kafin ita, yawancin wayoyin taɓawa sikirin ɗinsu leda biyu ce a jere, sai ka danna da ƙarfi su haɗu sannan waya ta san inda ka taɓa. Shi ya sa ake haɗo su da ɗan tsinke, wasu kuma su yi amfani da farce ko murfin biro. Nokia 5800 ta 2008 haka take. Na iPhone kuwa ba ruwansa da dannawa, lantarkin jikin yatsa yake ji, kuma yana gane yatsa biyu a lokaci guda. Daga nan aka samu ware yatsu hoto ya girma, a tsuke ya ƙanƙance, a shafa sunaye su yi ta gudu har su tsaya da kansu. Sannan maɓalli ɗaya tal a ƙasa: duk inda ka ɓace, danna shi ka dawo gida. A Symbian kuwa kafin ka gyara saitin intanet sai ka shiga ɗaki cikin ɗaki har huɗu ko biyar, da yawa sai sun kawo mana shago.

Amma irin wannan gilashin yana da nasa. Duk wanda ya taɓa idar da alwala ya ɗauki waya da ɗanyen hannu ya san yadda take rikicewa. Ruwa ma yana ɗaukar lantarki, sai ta kasa bambance shi da yatsa.

Baban Khalifa:
Na gode Sale, batirin lafiya lau yake, ban ga kumburi ba. Ka ga wannan na alwala yana cikin abin da nake nufi. Da E71 ina tafiya a kasuwa, hannu ɗaya riƙe da kaya, ina rubuta saƙo da ɗayan, idona yana kan hanya. Kowane harafi yana da tudunsa a ƙarƙashin yatsa. Kuma tana da fuska biyu, ta aiki da ta gida, ka sauya da dannawa ɗaya, imel ɗin ofis ya ɓace daga gabanka har gobe. Wace waya ce yanzu take barin mutum ya huta haka?

Maman Ummi:
Yaya, ka yi haƙuri amma ban yarda da kai ba, kuma ka san dalili. Sauƙin da kake faɗa sauƙi ne ga wanda ya yi boko kuma idonsa garau. Ka tuna yadda Inna take da waya a shekarun nan? Inna ta sauke Alƙur'ani, tana rubuta ajami da kyau, amma sunayen da ke cikin waya baƙaƙen boko ne ƙanana kamar tururuwa. Ni na zauna na ɗora mata kiran gaggawa: ta danne 2 ta same ka, 3 ta same ni, 4 Anti ta Funtua. Daga 2 zuwa 9 ne kawai, mutum takwas, alhali danginmu sun fi ɗari. In wani ya kira ta ba ta san ko wane ne ba sai ta ji murya. In saƙo ya shigo sai ta ajiye har wani yaro ya dawo daga makaranta, ko da kuwa saƙon rasuwa ne. Akwai ranar da aka sanar da ita haihuwa da safe ba ta sani ba sai bayan magariba.

Yanzu fa? Hoton kowa yana jikin sunansa. Ta ga fuskar jikarta ta taɓa. Ta danne alamar makirufo ta yi magana minti uku, ta yi gaisuwa, ta yi addu'a, ta yi faɗa, ta saki, ya tafi. Ba ta buƙatar kowa ya tsaya tsakaninta da 'ya'yanta. WhatsApp ya kawo saƙon murya a 2013, kuma ni a wurina ranar ce waya ta zama ta iyayenmu mata. Kafin nan ta ɗalibai ce da ma'aikata da 'yan kasuwa masu lissafi.

Anti Bilki:
Maman Ummi, kin faɗi gaskiya. Kakata ma haka, yanzu ita ke tashe mu da saƙon murya da asuba.

Malam Idi:
Assalamu alaikum. Allah ya jiƙan mahaifinku. Ina sauraron muhawarar nan tun ɗazu, kuma sauraro nake nufi, don waya ce ke karanta mini. Waɗanda suka san ni sun san ba na gani tun ina yaro. Bari in sa baki, domin maganar hannu da maɓalli tawa ce fiye da kowa a nan.

Ku ɗauki duk wata tsohuwar waya mai lambobi ku shafa maɓallin 5. Za ku ji ɗan ƙullutu a kansa ko a gefensa. Masu ido da yawa sun yi shekaru da waya ba su lura da shi ba. Mu kuwa shi ne alƙiblarmu. Da ka samu 5, ka san 2 yana sama, 8 yana ƙasa, 4 hagu, 6 dama. Lambobin mutane a kaina suke, na haddace sama da hamsin. Daga baya wani ɗalibina ya sa mini manhajar Talks a wata Nokia mai Symbian, wayar ta fara faɗa mini sunan mai kira da abin da ke cikin saƙo. A daren ban yi barci ba, na bi duk saƙonnin da aka taɓa turo mini na saurare su da kunnena, ba tare da wani ya san sirrina ba.

Da aka ce wayoyi za su koma gilashi zalla, hankalina ya tashi ƙwarai. Gilashi ba shi da gabas ba shi da yamma, ko'ina santsi ɗaya. Na ɗauka an rufe mana ƙofa ke nan. To a 2009 Apple ya sa VoiceOver a iPhone 3GS, Android ma ta zo da TalkBack. Tsarin shi ne ka ɗora yatsa a ko'ina ta faɗa maka abin da ke wurin, in shi kake so ka taɓa sau biyu. Na ɗauki watanni kafin na saba, kuma har yau rubutu ya fi mini sauri a kan maɓalli. A nan ina tare da Baban Khalifa. Amma abin da nake yi da wayar yanzu, tura kuɗi da sauraron littattafai da shirya darasi, tsohuwar ba za ta iya ba. A nan kuma ina tare da Hajiya Maman Ummi.

Abin da ya rage mini ciwo ɗaya ne. Muryar da ke karanta mini an gina ta ne don Turanci. In ta zo kan Hausa sai ta tauna kalmomin, sai na haɗa da hankali kafin in gane. Rubutun Hajiya na ɗazu sai da na maimaita shi sau biyu.

Baban Khalifa:
Allah ya gafarta Malam, wallahi yanzu na shafa 5 a ƙaramar wayar maigadinmu, ga ƙullutun nan. Ban taɓa sani ba.

Malam Hamisu:
Malam Idi ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Shekara ashirin ina koyar da Hausa a sakandare, kuma ina ganin tabon da wayoyin farko suka bar wa rubutunmu a takardun jarrabawa har gobe.

Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a madannansu. Mutum zai rubuta "mun yi baki", sai mai karatu ya lalubo ko baƙi aka yi. Kafa da ƙafa suka zama ɗaya, gada da gaɗa suka zama ɗaya. In ma ka yi dabara ka samo harafin daga wani wuri ka tura, sau da yawa ɗan akwati ne zai fito a wayar wancan. Sannan akwai maganar kuɗi da mutane ba su sani ba: saƙon tes ɗaya harafi 160 yake ɗauka, amma da zarar ka sa harafi ɗaya da ba ya cikin jerin da aka tsara wa GSM, kamar ƙ, sai ma'aunin ya faɗo zuwa 70. Wato rubuta Hausa daidai yana iya ninka maka kuɗin saƙo. Wa zai yi?

Ga kuma wahalar dannawa a masu lambobi. Kafin ka samu "s" sai ka danna 7 sau huɗu, "z" kuma 9 sau huɗu. Hausa kuwa cike take da s da z. An ce akwai T9 mai hasashen kalma, amma ƙamus ɗin da ke cikinta na Turanci ne, don haka abu na farko da Bahaushe ke koya a sabuwar waya shi ne yadda zai kashe ta. Daga nan aka haifi slm da lfy da ngd da ykk. Ban zargi yaran ba, hanya suka nema. Amma yanzu Gboard yana da Hausa, ka danne k ka riƙe ƙ ta fito, a WhatsApp ba a cajin kowa kuɗin harafi, kuma har yanzu ɗalibi zai rubuta mini "xan xo" a takardar insha'i. Wannan yana ci mini rai, domin uzurin ya ƙare amma ɗabi'ar ta zauna.

Abba:
Malam, mu fa mun taso mun tarar ana yi ne. Amma na ji, zan gyara. Ban san maganar 70 ɗin nan ba sam.

Anti Bilki:
Ni kuma ba wanda ya ambaci BlackBerry, alhali ita ce ta fara canza mana zama da mutane. Ina jami'a a nan Katsina a 2011 da 2012, lokacin Curve da Bold suna tashe. Kowace waya tana da PIN ɗinta, haruffa da lambobi guda takwas, da shi ake haɗuwa a BBM, manhajar hira ta BlackBerry. Kowane wata sai ka biya kuɗin BIS, wato na intanet ɗin BlackBerry, in bai shiga ba wayar ta koma ta kira kawai. Akwai ɗan jan haske a sama da ke ƙiftawa in saƙo ya shigo, ko tana kife a kan katifa sai ka hango shi a jikin bango cikin dare.

Abin da nake so a lura da shi shi ne D da R. In saƙonka ya isa sai D ta fito, in an buɗe sai ta koma R. Kafin nan in ka tura tes ba ka san an karanta ko ba a karanta ba, kuma wannan rashin sanin sutura ce ga kowa. Mutum yana iya yin shiru ya yi tunani, ko ya bari ya huce. Da R ta zo sai shiru ya zama amsa. Na ga ƙawance na shekaru ya lalace a ɗakin kwananmu a kan "kin karanta kin yi banza da ni". Shuɗin layi biyu na WhatsApp jikan wannan ne.

Amma akwai abin da nake kewa har yau, kuma mata za su fahimce ni. PIN ba lambar waya ba ce. Za ki iya ba 'yan ajinku don maganar karatu, in wani ya fara wuce gona da iri ki goge shi, shi ke nan, ba shi da hanyar kiranki da tsakar dare. Yanzu kuwa duk rukunin da aka sa ki, lambarki a fili take ga mutum ɗari biyu. An rufe BBM ɗin jama'a a ƙarshen Mayun 2019, kuma wannan kariyar ban same ta a inda yawancinmu muke hira ba.

Maman Ummi:
Wallahi Bilki, wannan gaskiya ce. Saboda haka na fita daga rukunoni biyu.

Kawu Lawal:
'Ya'yana, duk na ji ku. Ni daga Daura nake magana, kuma sana'ata dabbobi ce, tsakanin kasuwar Mai'aduwa da ƙetaren iyaka. Duk wannan shafe-shafe da ƙifte-ƙifte ba su ne suka dame mu ba. Mu tambayarmu ukku ce: kwana nawa take riƙe caji, layi nawa take ɗauka, kuma ana jin ta cikin hayaniyar kara?

A wancan lokacin batir ana cire shi. Ina da guda biyu a aljihu, ɗaya yana ciki, ɗaya na bar shi wurin mai caji an maƙale shi a cajar nan mai haƙora biyu. In wannan ya mutu in sauya, minti ɗaya. Yanzu an liƙe batir a ciki, sai ka bar wayar dungurungum a wurin mai caji, da sirrinka da kuɗinka a cikinta.

Maganar layi kuwa, da ka wuce Kongolam sabis ɗin Nijar ne ke kama ka. Manyan wayoyin da kuke yabo duk layi ɗaya suke ɗauka, sai mutum ya riƙe waya biyu, ko ya yi ta ɓalle murfi yana sauya sim a tsakiyar kasuwa har ya yar da shi cikin ƙasa. Waɗanda suka fara kawo mana mai layi biyu, su Tecno da sauran 'yan Chana, su suka san halin da muke ciki. Ga tocila a ka, ga rediyo, ga ƙara kamar lasifikar masallaci. 'Yan birni suna yi mana dariya a kansu. To yau wace waya ce a kasuwa ba ta da layi biyu da tocila?

Nura Sabon Layi:
Kawu ya gama magana. Ni abin da na fi tunawa shi ne yadda ake samun abu a waya ba tare da data ba. Ka kai mamori wurin masu turi a cika maka shi, karatun Alƙur'ani, tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar, waƙoƙi, finafinai a 3gp da fuskokin ba sa fita sosai. Daga nan sai Bluetooth, waya kusa da waya a majalisa, kowa yana jiran layin nan ya cika, in wani ya matsa da nisa ya yanke a sake daga farko. Karatu ɗaya zai fito daga Kano da safe, kafin sati ya zaga Katsina hannu da hannu.

In kuma za a shiga intanet, Opera Mini ce. Dabararta ita ce shafin ba ya zuwa wayarka kai tsaye, sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin su matse shi ya ƙanƙance sannan su turo. Shi ya sa megabayit goma ke kai mutum kwanaki. Da ita muka buɗe Facebook, da ita muke karanta labaran BBC Hausa, sannan manhajar hira ta 2go da taurarinta. Abba, ku da kuke ƙone gigabayit a yini ba za ku gane daɗin ganin shafi ya buɗe ba bayan ka kashe hotuna don tattali.

Baban Khalifa:
Na karanta duka, kuma na ja da baya a rabin maganata. Na yi magana ne da hannuna, hannun wanda ya yi makaranta. Ban tuna da Inna ba, ban san halin su Malam Idi ba. Amma ina nan a kan ɗaya rabin: wayar nan ba ta taɓa kirana ba sai in wani mutum ne ya neme ni. Ta yanzu ita da kanta take nemana.

Na bi shawarar Sale, na ɗauki hoton saƙonnin duka, talatin da huɗu ne. Wani abu ya ɗaure mini kai. Baba bai cika son gajarta magana ba, kun san shi, gaisuwa kaɗai sai ta kai minti biyar. Amma a nan har da "lfy" da "ngd" a wasu. Ban san ya iya wannan ba.

Maman Ummi:
Yaya, ba shi ya rubuta ba. Ni ce.

Baba bai taɓa rubuta saƙo da hannunsa ba, maɓallan sun yi wa yatsunsa ƙanana, kuma idonsa ya riga ya yi rauni. In ka kama hanyar Kaduna sai ya kira ni bayan isha'i, ya miƙo mini wayar ya ce rubuta wa yayanki. Sai ya fara: a gaishe shi, a tambaye shi hanya, a tambaye shi ko ya ci abinci, a ce ya riƙe sallah a kan lokaci, a ce kada ya yi tafiyar dare, a gaida abokan zamansa da sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Ni kuma ina kallon lambar nan ta saman sikirin tana raguwa daga 160, kuma katin da ke ciki na saƙo ɗaya ne ko biyu. Sai in tsinci abin da zai shiga in tura. Ya kan tambaye ni, kin sa duka? In ce na sa, Baba.

"Allah ya yi maka albarka" ɗin nan kuwa ban taɓa gajarta ta ba, don ita yake maimaitawa sau uku kafin ya karɓi wayarsa.

Malam Idi:
Allahu akbar. Allah ya saka miki da alheri, Hajiya. Allah ya jiƙansa.

Baban Khalifa:
Ban san abin da zan ce ba. Zan zo gidanki bayan magariba da wayar, mu bi su tare, ki faɗa mini abin da kika tuna na kowanne in rubuta a littafi.

Maman Ummi:
Allah ya kawo ka. Ka biya ka ɗauko Inna, ita ma tana zaune a wurin lokacin da yake faɗar yawancinsu, za ta fi ni tunawa.

Sale Mai Gyara:
Yallaɓai, in za ku daɗe kuna dubawa ka tafi da cajar, tsohon batir ba ya faɗin lokacin da zai ɗauke. Gobe Juma'a ba na buɗe shago sai bayan an sauko. Ka zo da ita wajen ƙarfe uku, kada ka cire mamorin da ke gefe, ina da igiyar da za ta shige ta.